Za Ka Kai Iyali Wurin Wasa a Ƙasar Waje? Fara da Tef Ɗin Tela

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

Tun kafin a leƙa Wapa tambayar farashin dala, tun kafin a ɗauko maganar biza, a aro tef ɗin awo a wurin tela. A jera yaran a jikin bango, kowa sanye da takalmin da zai yi yawo da shi, a ɗora littafi a kansa, a ja layi da fensir, a rubuta tsawonsa da santimita. Wannan 'yar takardar ita za ta nuna muku inda ya dace ku kai su. A manyan wuraren wasa na waje ba a tambayar shekarun yaro a bakin lilo. Sanda ce a kafe, ko ya kai ko bai kai ba.

Ɗauki Disneyland Paris da ke Faransa. Jirgin Big Thunder Mountain sai yaro ya kai santimita 102. Crush's Coaster 107. Hyperspace Mountain 120. Na Indiana Jones kuwa sai 140. Ma'aikacin da ke tsaye a wurin ba a roƙonsa, ba a ce masa "taimaka, daga nesa muke." Hula ba ta ƙara tsawo, tulin kitso ma ba ya shiga lissafi. Kuma da gaskiyarsa. Ƙarfen da ke sauka a cinya ko a kafaɗa an ƙera shi daidai da jikin da ya kai wani girma. In yaro bai cika kujerar ba, akwai rata tsakaninsa da ƙarfen, kuma lokacin da jirgin ya kife ko ya zuro daga sama, ta ratar nan ake sulɓewa.

Saboda haka in yaranka ƙanana ne, kada ka biya kuɗin wurin da rabin lilonsa za su tsaya kallo suna kuka. Legoland na Dubai don yara 'yan shekara 2 zuwa 12 aka gina shi. In kuwa samari da 'yan mata ne masu neman abin da zai kaɗa musu hanji, ga Ferrari World a tsibirin Yas na Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2010. A nan Formula Rossa yake, jirgin da ke kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Da zai ɗore da wannan gudun, Kano zuwa Kaduna tafiyar awa ɗaya ce. Sai an sa maka tabarau na musamman kafin ya tashi, saboda a wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙaramin ƙwaro ya isa ya ji wa ido ciwo.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba kuma yana tafe da iyali, tsibirin Yas ya fi sauƙin sha'ani a ganinmu. Wurare huɗu ne kusa da juna: Ferrari World, Yas Waterworld na wasan ruwa, Warner Bros. World da aka buɗe a 2018, sai SeaWorld na 2023. Akwai motar da ke zagaya su kyauta, akwai wurin salla, abinci ba sai ka yi ta tambaya ba, soket ɗin wuta ma irin namu ne mai baki uku. Faransa ta fi ƙawa da tarihi, tun 1992 Disneyland ɗinta ke aiki, amma ta fi neman shiri. Ko cajar waya ba za ta shiga bango ba sai da adafta mai baki biyu zagayayyu.

Sai lokacin tafiya, kuma a nan mutanenmu suka fi yin kuskure. Dogon hutun makaranta yana faɗowa a Agusta, daidai lokacin da Turai ta fi cika da 'yan yawon buɗe ido, daidai lokacin da ƙasashen Larabawa ke ci da wuta. Za ka ji Bakano ya ce, "Mu da muka sha zafin Afrilu?" Ba iri ɗaya ba ne, Alhaji. Zafin Kano busasshe ne, gumi yana fita ya bushe ya sanyaya jiki. Na Abu Dabi ya haura digiri 40 kuma iskar jiƙe take da laimar teku, gumin ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. In dole sai a wannan lokacin, a zaɓi wuraren da ke rufe cikin sanyin na'ura, irin Warner Bros. World ko IMG Worlds of Adventure na Dubai, a kuma riƙe wa yara 'yar rigar sanyi, don cikin ginin kamar firji yake. Daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayin can ke da daɗi. Faris kuwa a Disamba sanyi ne mai haɗe da yayyafi, wajen ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi. A ko'ina, Talata zuwa Alhamis sun fi ƙarancin jama'a. A tuna kuma tun 2022 hutun ƙarshen mako a Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi.

Takardu. Kowane yaro da fasfonsa, har jariri, kuma ya zama saura aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Katin rigakafin cutar shawara, wanda ake cewa yalo kad, a yi allurar aƙalla kwana goma kafin tashi. Bizar Shengen ta shiga Faransa Yuro 90 ce ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan ofishin karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida, to a nema da wuri, don samun ranar ganawa a Abuja ko Legas shi ne aikin. Daular Larabawa ta dawo da bai wa 'yan Najeriya biza a Yulin 2024 bayan dogon tsaiko, amma sharuɗɗanta suna yawan sauyawa, a tabbatar da na yau kafin a biya ko sisi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Gidajenmu ba a rasa ɗan riƙo, ɗan ƙanwa ko ƙanin amarya da za a ce "a tafi da shi." A wurin jami'in shige da fice, yaron da sunan mahaifinsa ya saɓa da naka abin tambaya ne. A tanadi takardar haihuwarsa da takardar amincewar iyayensa mai hatimin kotu. Ko Hajiya ce kaɗai za ta tafi da 'ya'yanta, ta riƙe takardar amincewar maigida.

Kada a sayi tikitin wurin wasa ko ɗakin otal da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Idan ta fito, a sayi tikitin a shafin wurin da kansa ko a hannun kamfanin tafiye-tafiye mai rajista. Wanda ya tallata maka tikiti rabin kuɗi a WhatsApp, ka sani lambar da ke jiki sau ɗaya na'ura ke karanta ta, kuma mai yiwuwa ya sayar wa mutum biyar kafin kai. Tikitin Disneyland Paris mai ɗauke da rana farashinsa yana hawa yana sauka gwargwadon cinkoso. Yaro ƙasa da shekara 3 kyauta ne, 3 zuwa 11 kuɗin yara, daga 12 kuwa babba ne a wurinsu ko da a gida aike ake yi da shi. Wuraren wasa biyu ne a harabar. Wanda ke da kwana ɗaya da ƙananan yara, tikitin wuri ɗaya ya ishe shi, ba zai ma gama shi ba.

Otal ɗin cikin haraba ya fi tsada, amma abu biyu kake saya: shiga da safe kafin sauran jama'a, da damar komawa ɗaki da rana yara su yi barci. Sai dai yawancin ɗakuna mutum huɗu ne iyaka, kuma ba a yin "za mu matsa" kamar a gidan biki. Iyali mai mutum bakwai ɗaki biyu ne, ko kuma a kama gida mai kicin a Val d'Europe, tasha ɗaya kacal a jirgin ƙasa, inda akwai babban kanti da Hajiya za ta sayi shinkafa ta dafa abin da yara suka sani. Otal kan riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina har ka fita, to kada katin ya zama daidai wa daida. Wasu bankunanmu sun dawo da biyan kuɗi a waje da katin naira a 2025, amma da iyaka. Ka tambayi bankinka nawa ce iyakarka, ka riƙe kati biyu da tsabar kuɗi. In na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi za ta cire, zaɓi na ƙasar da kake, Yuro ko dirhami, don canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Tsabar kuɗin da ta kai Yuro 10,000 dole a bayyana ta a shiga Turai.

Abin da ba ya shiga jaka. Kilishi, dambun nama, man shanu: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, a kwandon shara za su ƙare, wani lokaci har da tara. Daular Larabawa kuma ba ta wasa da magani. Duk abin da ke da kodin ko tiramadol, ko da maganin tari ne, ba ya shiga sai da takardar likita da izini. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya bar shi cikin kwalinsa, a jakar hannu.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano galibi sai an yada zango a Alkahira, Addis Ababa ko Doha, ku isa a gajiye. Ranar isowa ba ranar wasa ba ce. A yi wanka, a ci abinci, a kwanta. Abu Dabi tana gaban Kano da awa uku, ƙarfe bakwai na safiyarsu ƙarfe huɗun asubarmu ce, jikin yara sai ya ɗan saba.

To, sutura. Mutum kan taka kilomita 10 zuwa 15 a yini guda a irin waɗannan wurare. Wanda ya yi Umara ya san sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya ɗan haura kilomita uku, to a lissafa sau uku zuwa biyar, da yaro a kafaɗa. Sabon takalmi, irin na ranar salla, kafin azahar ya yi maka kanta. A sa tsohon kambas da safa. Silifas kuwa a lilon da ƙafa ke reto, tafiyarsa ke nan. Babbar riga ta zauna a otal. Hula a cire a sa a jaka kafin a hau. Hajiya, ɗaurin ture-ka-ga-tsiya iska ce za ta fara ture shi. Ƙaramin hijabi mai shiga kai ya fi, marar fil ko allura, a cusa ƙasansa cikin riga. Dogon mayafi mai jan ƙasa haɗari ne na gaske a kusa da duk abin da ke juyawa, musamman ƙananan motocin tsere, domin in taya ta kama bakinsa wuya zai shaƙe. Mai abaya ta sa wando a ciki, kujeru da yawa suna da tudu ko bel da ke bi tsakanin ƙafafu. A wurin wasan ruwa ba a hawa zamiya da atamfa ko doguwar riga, sai kayan ninkaya, amma akwai mai rufe jiki duka har kai, kuma Yas Waterworld kan ware lokaci na mata zalla. A duba jadawalinsu.

Yanzu ga asalin yaƙin: layi. Lilon da kowa ke so, minti biyu ko uku ne a kansa, amma da rana tsaka layinsa kan kai awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Iyalin da suka karya a nitse suka iso sha biyu, da ƙyar su hau abu biyar. Waɗanda suka tsaya a ƙofa minti 45 kafin a buɗe, suka wuce binciken jaka, kan hau uku ko huɗu a awar farko kaɗai. Da an buɗe, kada a tsaya hoto a bakin ƙofa, ginin ba ya gudu. A miƙe kai tsaye zuwa lilon da ya fi farin jini, sannan na biyu. Hoto, kanti da wasan kwaikwayo a bar su sai rana ta take. A sauke manhajar wurin tun daga gida, a shigar da tikiti a ciki. Tana nuna taswira da mintunan jiran kowane layi, tana kuma cinye caji, don haka a riƙe fawa banki. A ci abinci sha ɗaya da rabi ko bayan ƙarfe biyu. Lokacin da jama'a suka tafi kallon jerin gwano, layuka kan ragu.

Mai zuwa Disneyland daga cikin Faris a jirgin ƙasa na RER A ya lura: layin ya rabu biyu a gabas. Wanda aka rubuta Marne-la-Vallée Chessy za a hau, tafiyar kamar minti 40. In ka faɗa na Boissy-Saint-Léger, awar nan ta farko mai albarka ta tafi.

Akwai hanyoyi uku na rage jira. Na kuɗi, wanda Disneyland Paris ke kira Premier Access, kowane mutum ake biya wa, to ka ninka da yawan iyalinka kafin ka danna. Shawararmu a saye shi don lilo ɗaya ko biyu da layinsu ya gagara. Na biyu kyauta ne, layin mai hawa shi kaɗai, inda ake cike gurbin kujerar da ta rage. Ba za ku zauna tare ba, amma ga samari riba ce. Na uku don masu goyo: ku gaya wa ma'aikaci kuna son musaya, Alhaji ya bi layi ya hau, Hajiya na riƙe da jariri, in ya sauko ita ta shiga ba tare da sabon layi ba. Abin da ba a yi shi ne dabararmu ta gidan mai, mutum ɗaya ya kama layi, in ya kusa gaba mutum takwas su ratso suna "ɗan'uwanmu na ciki." Tsallake layi ne a wurinsu, kuma ana iya fitar da mutum a kansa ba tare da mayar da kuɗi ba.

Wani lokaci jirgin lilo kan tsaya cak a tsakiyar hanya. Kada a firgita, kada a taɓa ƙarfen. An raba layin dogon da yake bi gida-gida, kuma kwamfuta ba ta barin jirgi biyu su shiga gida ɗaya. In na gaba ya yi jinkiri, ko wata na'ura ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta riƙe na baya a birki. Tsayawar alama ce tsarin yana aiki. A zauna har ma'aikata su zo. Iska mai ƙarfi ko walƙiya ma kan sa a rufe na waje na ɗan lokaci.

Allon gargaɗin da ke bakin kowane lilo ba ado ba ne. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya, hawan jini, ciwon baya ko wuya, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ya haƙura da masu gudu. Mai jiri a mota kuma ya fi shan wuya a lilon majigi, inda kujera ke girgiza a gaban allo: ido na cewa ana gudu, kunnen ciki na cewa ana zaune, sai zuciya ta tashi. Rufe ido na taimakawa. Kada a cika ciki kafin a hau. Yaron da ya ce yana tsoro kuma a ƙyale shi, ba a yi masa gorin ragwanta. In ya firgita a na farko, ko doki mai zagaye ba zai ƙara yarda ya hau ba, ka yi asarar yinin.

Ɓatan yaro minti ɗaya ne. Kowace safiya a ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa. A rubuta lambar waya da +234 a gaba, da sunan otal, a takarda a sa masa a aljihu, ko a rubuta a damtsensa da biro, musamman wanda Hausa kaɗai yake ji. Da an shiga, a nuna masa ma'aikaci mai baje a ƙirji: "In ba ka gan mu ba, tsaya inda kake, ka nuna wa irin wannan takardarka." Babba kuma ya sanar da ma'aikaci nan take maimakon ya bazama nema, suna da rediyo da ɗakin ajiye yaran da suka ɓata. A Daular Larabawa kiran murya na WhatsApp ba ya tafiya, saƙo kaɗai ke shiga, don haka a sayi layin can ko a buɗe wa layin gida damar kira. A can kuma ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne a doka, a kula da inda ake nuna kyamara.

Abinci a Faransa sai da lura. A haddace kalmomi huɗu: porc alade ne, jambon da lardons naman alade ne, vin giya ce. Alewa mai danƙo sau da yawa da sinadarin alade ake yin ta, a karanta bayan leda. In an rasa tabbas, kifi da kayan lambu sun wadatar. A riƙe gorar ruwa ta roba a riƙa cikawa. Salla kuwa, kada a sa rai da masallaci a cikin Disneyland. A riƙe ƙaramar darduma mai naɗewa, a tambayi ofishin baƙi da ke bakin shiga, City Hall, wurin da babu hayaniya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Faris sai wajen ƙarfe goma na dare, a saita manhajar salla da garin. Batun ƙasaru a tambayi malam tun a gida, domin a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke shi.

Tsaraba a bar ta sai ƙarshe, kuma ta dangi a saye ta a kantunan gari. Lilo da yawa ta cikin kanti suke fitar da kai, da gangan aka yi haka. A yanka wa kowane yaro abu ɗaya tun da safe, a ce sai za a tafi.

Keken tura yaro ana haya a ciki, kuma ko ɗan shekara biyar zai buƙace shi da yamma. Ma'aikata kan gyara jerin kekunan su matsar da naka, ga ɗaruruwa iri ɗaya. A ɗaura masa ƙyallen atamfa mai haske a hannu, daga nesa za a hango shi.

A Disneyland Paris, da dare akwai wasan wuta da haske a gaban fadar da ke tsakiyar wurin, kuma da an gama dubban mutane ke nufar ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. A nan aka fi rabuwa da yara. Ko ku tsaya kallo daga baya kusa da mafita ku riga kowa fita, ko ku nemi benci ku zauna minti 20 zuwa 30 har turmutsutsun ya wuce, kantunan babban titin ba sa rufewa nan take. Tikitin jirgin ƙasa na komawa a saye shi tun da safe, don layin na'urar da dare ya fi na wani lilon tsawo. Chessy ita ce tashar ƙarshe, jirgin daga nan yake tasowa, to in wanda ke tsaye ya cika, a bar shi ya tafi, a jira na bayansa a samu kujerar da za a kwantar da wanda ya yi barci.